Azumin da Kunu Ya Zube a Hannun Sa'a

Bana azumi ya sake faɗowa a ƙarshen rani, lokacin da Yawunde kan manta cewa ita garin ruwa ce. Da la'asar hadari zai haɗu a kan duwatsu, ya yi baƙi ƙirin, mata su ruga kwashe shanya, sai kuma ya watse ya bar mu da gumi. Famfon gidanmu ya koma tari, ka buɗe shi ya yi ta hura maka iska. Jikokina sun cika mini kunne da ƙorafi, wai ba a taɓa yin azumi mai wuya kamar na bana ba. Na ƙyale su suka gama. Mai firji a falo da ruwan leda a bakin titi ba shi ne zai ba ni labarin ƙishi ba. Na taɓa ganin azumi ya faɗo daidai wannan lokaci, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, a nan unguwar Briketeri, kuma har yau da wancan nake auna kowane azumi.

A lokacin muna gidan haya ne can ƙasa, inda lungu ke gangarawa wajen Ekoudou. Ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya ce, siririya, wadda in mata biyu suka yi shanya sai an sunkuya kafin a wuce. Mijina Malam Isa tela ne, shagonsa na bakin babban titi, kuma da azumi ɗinkin Sallah kan haɗiye shi, sai dai a bi shi da kwanon abinci. 'Yarmu ɗaya ce a lokacin, Sa'a, shekararta bakwai, 'yar siririya mai son a ce ta iya. Ni kuwa sunana Hajara, amma in ka shiga gidan ka tambayi Hajara sai a yi ta kallon-kallo. 'Yar Maƙera ake ce mini, don mahaifina maƙeri ne a Garwa, kakana ma haka.

Sunan bai dame ni ba, gaskiya ce aka faɗa. Abin da ke biye da sunan ne ya ishe ni. Mutanenmu sun yarda wuta ba ta cin maƙera, wai a jini abin yake. Saboda haka duk tukunyar da ta fi zafi tawa ce, duk garwashin da ya faɗo ni ake ƙwala wa kira. Ni kuma ina da saurin hannu, tafina ya yi kanta tun ina yarinya, sannan ina da wani tsumma mai kauri da ba na rabuwa da shi. In na sauke tukunya lafiya ba mai ganin tsumman, sai a ce, "Kun gani ko? Gado ba wasa ba." Na faɗa, na sake faɗa, cewa wuta tana cina kamar yadda take cin kowa. Dariya ake yi, a ce ai dama maƙera ba sa tona asirinsu.

Asirin kuwa na san shi, kuma bai kai a ɓoye ba. A Garwa, duk wanda ya ƙone gidanmu ake kawo shi, Baba ya yi masa tofi. Na tashi ina ganin yadda yake yi. Ba ya buɗe baki sai an kawo ruwa mai tsabta daga randa, an sa wurin da ya ƙone a ciki ko ana kwarara masa. Sa'an nan ya ɗauki tasbaha ya fara addu'a a hankali, kamar ba shi da wani aiki a duniya, kuma ba wanda ya isa ya ɗaga hannu daga ruwan sai ya shafa. In ruwan ya yi ɗumi a sake wani. Wata rana na tambaye shi me ya sa addu'arsa ta fi ta kowa tsawo. Ya zaro ƙarfe daga wuta, ya bari jan ya mutu ya koma baƙi, ya ɗora shi a kan itace. Itacen ya kama hayaƙi. Ya ce, "Kin gani? An raba shi da wuta, amma bai daina ci ba. Nama ma haka yake. Addu'a ta Allah ce, ita muke roƙo da ita. Ruwan kuma shi ke fitar da zafin, kuma ba ya son gaggawa."

Shugabar masu yi mini dariya ita ce Goggo Dudu, Bafulatanar Marwa, doguwar tsohuwa da ke zaune da ɗanta mai gasa soya, wato tsire. Ba wanda ya naɗa ta uwar gidan hayar nan, amma ba wanda ya taɓa tsallake maganarta. Tana son Sa'a kamar ita ta haife ta. "Bingel" take ce mata, wato 'yar yarinya a bakinsu, tana ɓoye mata dabino a bakin zani. Sai dai ba ta gajiya da zuga ta.

"Wannan jikar maƙera ce," in ji ta. "Ko cikin murhu ta faɗa, murhun ne zai ji kunya."

Sa'a sai ta ɗaga kai tana kumbura.

"Goggo, don Allah ki daina hure mata kunne," nakan ce. "Yarinya ce, za ta ɗauka da gaske."

"Ke dai rowa gare ki, ba ki son a san gadonku."

Azumin shekarar nan ya same mu famfo ya riga ya mutu. Ruwa ya rabu gida biyu. Akwai na rijiyar kwari, can ƙasa kusa da lambatu, mai launin shayi da wari-wari, na wanki da wanke-wanke da ban-ɗaki. Akwai kuma na sha, wanda sai an hau tudu har Tsinga, gidan wata baiwar Allah da famfonta kan ɗiga da asuba, take bari mu tara. Da an idar da sallar asuba muke fita, mata a jere, kowa da bidon, wato jarka, a ka. Tafiya ba komai, dawowar ce aiki. Jar ƙasa ta bushe ta zama gari, silifa na zamewa, ruwa na kaɗawa a kanka yana ɗiga maka a wuya, kai kuma ba halin ka lasa. Duk abin da muka samo a randa ɗaya muke juyewa, a ƙofar Goggo, moɗa kuma a hannunta take. Ita ke raba wa kowane ɗaki nasa in magariba ta kusa. Banda randar tana da wani ɗan tulu nata na kanta, wanda take naɗe wa jiƙaƙƙen buhu ta ajiye a inuwa. Da shi take buɗa baki, kuma ko ɗanta bai isa ya taɓa shi ba.

Gawayi ma ya yi wuya, kananzir sai an sha layi, don haka muka haɗa tukunya. Da hantsi a surfa wake a wanke da ruwan da aka auna, a kai niƙa. A soya gyaɗa, a murje, a kai ta ita ma. Daga azahar gidan kan mutu. Kwanon rufi ya ɗauki rana ya sauke mana ita a ka, ɗaki ba ya shiguwa, tsakar gida ba inuwa sai ɗan siririn da ke jikin bango, nan muke jeruwa kamar ƙadangaru. Leɓe ya bushe, yawu ya yi kauri, jarirai su yi kuka har su gaji. Hayaƙin masu soya kuma ya biyo lungu ya shigo har inda kake kwance, ya tuna maka da abin da kake ƙoƙarin mantawa.

La'asar na yi gidan ya farka gaba ɗaya. Murhu biyu a kusurwa ɗaya, ɗaya na kunun gyaɗa a wata ƙatuwar tukunya, ɗaya na kaskon ƙosai. Kusa da su risho na miya. Duka a ƙasa, duka a kan hanyar da yara ke bi su fita waje. Yanzu in na tuna sai in ga ikon Allah ne kawai ya kai mu tsakiyar wata ba abin da ya faru. Yara na guje-guje tsakanin mai da wuta, mai goyo na sunkuyawa kan kasko ƙafar jariri na lilo, wata na ƙara wa risho kananzir yana ci don kada ta ɓata ashana. Ga kuma ciyayya. Al'adar unguwa ce, kafin a kira salla kowane gida ya aika wa maƙwabta da masallaci da shagunan mazansa, kuma abin kunya ne kununka ya isa da sanyi. Sai a bari sai rana ta kusa faɗuwa, a kwashe shi yana tafasa a zuba a kwanon sha, a ɗora wa yara su ruga.

Na riga na kafa doka cewa Sa'a ba ta ɗaukar kunu. Ƙosai ta kai, dabino ta kai, kunu a'a.

Ranar da abin ya faru ni ke kan kasko, na ba tukunyar kunu baya. Manyan yaran duk an aike su, saura kwano ɗaya na masallacin lungu, rana kuma ta yi ja. Ƙarar mai ta hana ni jin abin da ake faɗa a bayana. Daga baya aka ba ni labari. Goggo ta cika kwanon, ta duba ba kowa sai Sa'a, ta ce, "Bingel, zo, ke wuta ba ta san ki ba." Wata maƙwabciya ta miƙa mata tsumma. Sa'a ta ture shi, ta ce ita jikar maƙera ce. Ta kama kwanon da hannu biyu. Ya ƙone ta tun a nan, amma ba ta sake shi ba, don an gaya mata irinsu ba sa jin wuta. Ta cije ta yi taku kaɗan, hannun hagu ya gaza ya saki, kwanon ya karkace, kunun ya kwararo a kan hannun damanta tun daga gwiwar hannu har yatsu.

Ihun da ta yi, ko yau na rufe ido ina jinsa.

Kunun gyaɗa ba kamar ruwan zafi ba ne da zai zuba ya wuce. Kauri gare shi, yana manne wa fata ya ci gaba da dafa ta. Kafin in ture kaskon gefe in iso, mata sun kewaye ta. Wannan ta zo da manja, waccan da ɗanyen ƙwai, wata da man goge baki, wata na kwance ƙullin bula ta wanki, wata na kiran a kawo gishiri. Kowacce da zuciya ɗaya ta zo, kowacce kuma ta rantse nata ne aka yi wa wani ya warke. Na ratsa su na sunkuci 'yata na nufi randa.

Goggo ta sha gabana. "Kada ruwa ya taɓa shi! Tashi zai yi, ya yi ƙurajen ruwa ya kumbura. Ki yi mata tofinku kawai, a shafa manja."

A Garwa na ga hannayen da aka shafa wa manja aka ɗaure. Na ga wata mata da yatsunta suka warke a manne, hannun ya dunƙule, ko allura ba ta iya riƙewa. Abin da na hango ke nan a hannun Sa'a, hannun dama, na 'ya mace mai shekara bakwai. Tsoro ya kama ni ƙwarai, amma na san abin yi, kuma na san gardama da matan nan za ta ci lokacin da ba ni da shi.

Na ce, "Goggo, ku kuka ce ni 'yar maƙera ce ko?"

"Mu muka ce."

"To yau aikin maƙera za a yi, kuma tofinmu a cikin ruwa ake yinsa. Duk wadda ta ɗiga wani abu a hannun nan ta karya shi, alhaki a wuyanta. Ba ni moɗa."

Wata ta ce, "Ga na rijiya a duro, 'Yar Maƙera, wannan na buɗa-baki ne."

"Ruwan lambatu zan zuba a buɗaɗɗen ciwo? Ba ni moɗa, na ce."

Goggo ta miƙo.

Na zauna a ƙasa na ɗora Sa'a a cinya, na sa aka ajiye wankakkiyar roba a ƙarƙashin hannun. Moɗar farko ta wanke kunun. Na zare mata awarwaro da ɗan zoben roba tun hannun bai kumbura ba. Fatar ta yi ja wur, bayan hannun da tsakanin yatsu sun fara yin fari. Na fara addu'a a hankali yadda Baba ke yi, ina kwarara ruwan siriri ba yankewa. In robar ta taru in sake ɗiba daga ciki, in ya yi ɗumi in sa a kawar a ɗebo sabo. Sa'a na ta fizge-fizge, sannu a hankali kukan ya sauka ya koma shessheƙa. Da na ɗan tsaya sai ta ƙwalla ƙara, "Inna, zuba, zuba!" Wannan ya rufe bakin masu cewa ruwa zai ƙara mata zafi.

Mata sun tsaya cirko-cirko, tun asuba ba abin da ya ratsa maƙogwaronsu, suna kallon ruwan da suka hau tudu suka ɗauko a ka yana bin hannun yarinya yana komawa fari-fari da kunu. Ina jin moɗa ta fara kartar gindin randa. Ana cikin haka ladan ya kira salla.

Ƙosai na nan a faranti, dabino na nan, amma ba wadda ta motsa. Wadda ke ɗebo mini ta karkata randar, ta tatso rabin moɗa, ta ce, "Shi ke nan."

Na taɓa hannun Sa'a da bayan yatsana. Da sauran zafi a ciki, ina jinsa yana fitowa. Addu'ar Baba ba ta kai ƙarshe ba, ni na sani.

Na ɗaga kai na ce, "Goggo, tulunki."

Tsohuwar nan ta fi kowa shan wuya a azumin. Leɓenta ya tsage, in la'asar ta yi muryarta ma ba ta fita. Ta dube ni, ta dubi yarinyar. Ta juya ta shiga inuwar bango, ta kwance buhun, ta kawo tulun da hannunta. Ba ta ba ni ba. Durƙusawa ta yi, gwiwoyinta na ƙara, ta shiga zubawa da kanta, siriri, yadda ta ga ina yi. Ruwan nan mai sanyi ya sauka, Sa'a ta ja dogon numfashi ta kwantar da kai a ƙirjina. Har tulun ya ƙare Goggo ba ta kai ko ɗigo bakinta ba.

Na lulluɓe hannun da wankakken ɗankwali, sako-sako, ban ɗaure ba. An riga an aika shago, Malam Isa ya iso da gudu da zare a wuyansa, ya saɓa ta a kafaɗa muka nufi ƙaramin asibitin unguwa. Daga baya na ji yadda gidan ya sha ruwa a ranar: dabino da ƙosai a bushe, sannan aka tafasa na rijiya aka tace da ɗankwali, aka sha shi da ɗumi da warinsa.

Ma'aikaciyar da muka samu 'yar kudu ce, Faransanci take yi, Malam Isa na juya mini. Ta tambayi abin da muka shafa. Na ce ruwa kawai. Ta sake tambaya, don ta saba sai ta kankare manja da man goge baki daga ciwo kafin ta ga abin da ke ƙasa, yaro na ihu. Na ce ruwa kawai, tun kafin magariba har bayanta. Ta gyaɗa kai. Ta wanke, ta shafa maganinsu, ta naɗe kowane yatsa daban. Ta ce damtsen zai warke, bayan hannun da tsakanin yatsun ne abin dubawa. In ƙunar ta yi zurfi, fatar za ta ja in tana warkewa, yatsun su lanƙwashe. Ba za a sani ba sai an kwance gaba ɗaya. Ta ce kada a fasa ƙurajen ruwan da suka taso, kada a jiƙa ɗaurin, a riƙa kawo ta wanki.

Washegari da la'asar, kafin a hura wuta, na tsaya a tsakar gida na naɗe hannun rigata har kafaɗa. Na ce kowa ta zo ta gani. Ga tabon tartsatsin maƙera tun ina rarrafe, ga na bakin kasko, ga wani dogo da tukunyar gidan nan ta yi mini a farkon azumi ban gaya wa kowa ba. Na ce, "Ga gadon maƙera. Babana nasa sun fi nawa. Wuta ba ta san ɗan kowa ba, mu dai mun fi ku jin tsoronta ne." Ba wadda ta yi dariya.

A ranar muka sake tsarin gidan, kuma ni na tsara, ban nemi shawarar kowa ba. Murhu ya koma ƙuryar da ba hanya. Aka gitta benci, yaro bai tsallake shi sai an kashe wuta. Mai goyo ta sauke kafin ta matso kasko. Risho sai an kashe ya huce ake ƙara masa mai. Kunun ciyayya a kwashe shi da wuri, ya sha iska, a zuba a bokiti mai murfi, babba ya riƙe a hannu, ba a ka ba. Wata ta ce za a yi da mu a unguwa, a ce kununmu ba zafi. Na ce duk wanda ya yi magana a turo mini shi. Sannan bokiti ɗaya na ruwa mai tsabta, a rufe, kusa da murhu, wanda ba na sha ba ne, ba na alwala ba, ko da gidan zai kwana da ƙishi.

Har yau haka nake, kuma ban ga dalilin sassautawa ba. Yanzu gas ne da butar lantarki, ga hijabin roba har ƙasa da 'yan mata ke shiga kicin da shi, waya a hannu ɗaya, ludayi a ɗaya. Wutar ta sake kaya ne kawai, kunu kuma kaurinsa na nan. Ma'aikatan asibiti na yanzu suna cewa a yi minti ashirin ana zuba ruwa mai sanyi, banda ƙanƙara, banda shafe-shafe. Da na ji na yi murmushi, don kusan tsawon addu'ar Baba ke nan. Bokitina na nan kusa da gas, ko a wannan makon da famfo ke tari.

Wadda abin ya fi canzawa a wancan azumin Goggo ce. Ta daina raha, ta daina kiran "bingel". In Sa'a ta fito da hannu a naɗe, sai tsohuwar ta sami abin yi a ɗaki. Dabinon bai daina zuwa ba, amma ta hannun wasu. Kuma kullum da asuba, ita da muka hutar da ita daga hawan tudu saboda shekarunta, sai ta ɗauki ƙaramin bidon ta biyo mu har Tsinga, tana tsayawa tana haki, don ta cika bokitin murhu da kanta. Na ce ta bari, ta yi kamar ba ta jin Hausa. Ban riƙe ta a zuciya ba, amma ban kuma lallashe ta ba. Hankalina na kan abin da ke cikin ɗaurin nan. Duk ranar wanki ina leƙawa, in ga jan nama, in kasa gane ko gaba muke ko baya. Sa'a kuma ta ƙi motsa yatsun ko kaɗan, ta riƙe hannun a ƙirji kamar ba nata ba.

Ruwan farko ya sauka a goman ƙarshe, da rana tsaka, da ƙarar da ta sa ba ka jin na kusa da kai a ƙarƙashin kwano. Muka fito da duk abin da ke da baki, roba, tukunya, duro, har kwanon sha. Ƙamshin jar ƙasa ya tashi, lambatu ya cika ya kwashe shara ya yi ƙasa da ita. Washegarin ruwan ne aka ce a kawo Sa'a a kwance ɗaurin gaba ɗaya.

Mun fito ke nan na ga Goggo a bakin ƙofa da mayafinta. Ba ta ce za ta bi mu ba, ni ma ban tambaye ta ba. Lungu ya yi santsi, tana dafa bango, muna jiranta a kowace kwana.

Ma'aikaciyar ta warware ɗaurin a hankali, yatsa bayan yatsa. Sabuwar fata ta fito, ja-ja, mai sheƙi, siririya. Yatsun a rabe suke, amma a lanƙwashe, kamar mai riƙe da ƙwai.

"Ouvre la main," in ji ma'aikaciyar. Na ce, "Buɗe hannunki, Sa'a."

Ta girgiza kai, ido ya cika da hawaye. Na lallasa, na yi faɗa, ma'aikaciyar ta nuna mata da nata hannun. Ta ƙi. Ba mu san ko ba ta iyawa ba ne ko tsoro take ji.

Sai Goggo ta taso daga bencin da take. Ta durƙusa a gaban yarinyar, karo na farko da ta dube ta ido da ido tun ranar. Ta buɗe nata tafin, busasshe mai jijiyoyi, ta miƙa shi a sama.

"Bingel," ta ce. "Ƙarya na yi miki. Wuta ta san ki, ta san ni, ta san kowa. In da zafi ki yi kuka, ba kunya. Ɗora naki a kan nawa."

Sa'a ta dube ta. Ta ɗora hannun a tafin tsohuwar. Babban yatsa ya miƙe, manuni ya bi, na tsakiya, na kusa da shi. Ta yi ƙara kaɗan, ta cije leɓe. Ƙaramin ya tsaya a hanya, ya yi rawa, sannan shi ma ya kwanta. Hannu ya shimfiɗe sarai a kan na Goggo, yatsu biyar, kowanne da kansa.

Ma'aikaciyar ta tafa. Ni kuma na zauna a ƙasan asibitin ina hamdala. Goggo kuwa ta kifa fuskarta a kan ɗan hannun nan ta fashe da kuka, irin kukan tsofaffi da ba ya da sauti sai kafaɗa ke rawa.

Sa'a ta juyo ta dube ni a tsorace, don an yi ta gargaɗinta kada ta bari ruwa ya taɓa ɗaurin. Ta ce, "Inna, Goggo tana jiƙa mini hannu."

Na ce, "Ƙyale ta. An kwance, yanzu ya jiƙe."